Shekara 31 yana shan sigari: labarin manomin albasa da ya daina da taimakon saƙon waya

Mutumin da za mu ba da labarinsa manomi ne. Da rani yana fadama, albasa da tattasai, da damina kuma gero da dawa kamar kowa a ƙauyensu. Ya amince a faɗi abin da ya faru da shi don wani ya amfana, da sharaɗin kada a kama sunansa ko na garinsu, don haka za mu riƙa ce masa Malam, yadda maiɗakinsa ke kiransa. Mu masu rubutun aikinmu kula da lafiya ne a karkara, shi ya sa za a ga muna tsayawa a kan lokuta da lissafi, domin wanda yake son gwada irin wannan a garinsu ya san abin da zai tarar.

Yana da shekara 16 ya fara, lokacin yana yaron mota, ana lodin albasa zuwa Kudu. Direba kan miƙa masa guntun da ya rage don kada ya yi gyangyaɗi a hanya. Ya bar bin mota, ya yi aure, ya gaji gonar mahaifinsa, sigari tana nan. Da ya kai 47 yana shan kara 15 a rana, kuma bai taɓa sayen kwali ba, kara biyu ko uku yake karɓa wurin mai tebur, wani lokaci bashi. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, amma duk wanda ya san ƙauye ya san inda dokar ta tsaya. Wannan sayen na ɗai-ɗai shi ke sa mutum bai san yawan abin da yake sha ba. Da aka lissafa masa kara 450 a wata, sai da ya ce a sake lissafin.

Tari ne ya kawo shi ɗakin shan magani. Ya wuce mako biyu yana yi, don haka aka karɓi majinarsa aka aika gwajin tarin fuka, kamar yadda ya kamata a yi wa duk mai irin wannan tarin. Sakamako ya nuna babu. Amma awon jini ya nuna hawan jini, kuma shi da kansa ya faɗa cewa idan ya ɗauki buhu daga kwari zuwa bakin hanya sai ya tsaya sau biyu yana haki.

Ma'aikaciyar da ta duba shi ba ta yi masa wa'azi ba, domin ya ji wa'azin tun daga masallaci har tsakar gida. Tambayoyi ta yi. Kara nawa a rana? Daga farkawa zuwa karan farko minti nawa? An taɓa ƙoƙarin bari? Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Wanda yake kunna ta cikin minti 30 da tashi daga barci, jikinsa ya kamu sosai, wanda kuwa bai kai minti 5 ba ya fi kowa kamuwa. Malam ya ce kafin ya ɗauki butar alwala yake kunnawa. Dalilin haka a jini yake: sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, amma cikin kamar awa biyu rabinsa ya fice daga jiki. Kafin asuba kusan babu saura, sai mutum ya tashi jikinsa yana nema. Game da ƙoƙarin bari kuwa, ya ce kowane azumi yana ƙudurtawa, yana wuni lafiya lau, amma da an sha ruwa sai ya jera uku.

"Likita, ni fa na san illarta," in ji shi. "Lokacin da abin ya taso ne babu kowa kusa da ni sai ita."

A kan wannan maganar aka gina duk abin da ya biyo baya. Sha'awar sigari ba wuni take yi ba, tasowa take ta yi 'yan mintoci ta lafa, ko an sha ko ba a sha ba. Ma'aikacin lafiya ba zai iya tsayuwa a fadama a waɗannan mintocin ba, amma waya tana aljihu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A New Zealand aka fara babban gwajinta, aka buga sakamakon a 2005. A Ingila kuma, wani bincike mai suna txt2stop da aka buga a mujallar Lancet a 2011 ya ɗauki mutum 5,800 ya raba su biyu. Waɗanda aka riƙa tura wa saƙonnin taimako, kashi 10.7 cikin ɗari sun kai wata shida ba su koma ba, kuma an tabbatar da gwaji, ba da faɗar baki kaɗai ba. A ɗaya rukunin kashi 4.9 ne. Indiya ta buɗe nata shirin na ƙasa a 2016 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, inda mutum zai yi filashin wata lamba kawai a yi masa rajista, kuma sama da mutum miliyan 2 suka shiga. A 2024 hukumar ta sa saƙon waya cikin hanyoyin da ta ba da shawara a bi wajen taimaka wa manya su daina taba. A lura da alƙaluman Ingila da kyau: saƙo yana ninka nasara, amma har yanzu kusan mutum tara cikin goma suna komawa. An faɗa wa Malam wannan tun ranar farko, domin wanda aka yi wa alkawarin tabbas, ranar da ya zame ba zai sake ɗaga waya ba.

Kafin a rubuta ko harafi ɗaya, wayarsa aka karɓa aka duba. Ƙaramar waya ce mai tocila. Akwatin saƙonninta a cike yake da tallan kamfanin layi, har sabon saƙo ba ya samun wurin shiga, aka goge su tas. Aka tambaye shi inda yake caji, ya ce shagon mai janareta, kwana biyu ko uku sau ɗaya, kuma wayar kan wuni a can. Aka tambayi inda sabis yake kamawa: a gida yana kamawa, a kwarin fadama sai ya hau tudun da yake ajiye babur. Aka tambayi wa yake taɓa wayar ban da shi, kuma wa zai karanta masa. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana iya haɗa gajerun kalmomi a hankali, doguwar magana kuwa sai 'yarsa mai zuwa sakandare. Wannan ya raba saƙonnin gida biyu: na rana gajeru ƙwarai, kalma takwas zuwa goma, na dare masu ɗan tsawo waɗanda yarinyar za ta karanta. Kuma tunda 'yarsa ce za ta karanta, ba a rubuta abin da zai zubar masa da girma a gabanta ba.

Akwai abubuwa uku na fasaha da ke kashe irin wannan aiki a ƙauye, kuma duka ana iya kauce musu. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa ɓ ko ɗ ko ƙ a ciki, tsarin rubutun yakan canza ya koma harafi 70, saƙon ya rabu biyu ko uku, kuɗi ya ninku, sannan tsohuwar waya ta nuna 'yan akwatuna a madadin haruffan. Don haka ana rubutawa ba ƙugiya, a karanta da ƙarfi a ji ko ma'ana ta sauya. Na biyu, mutane da yawa sun tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla, kuma saƙon da aka tura ta hanyar kamfanonin aika saƙo da yawa yakan faɗa cikin abin da aka toshe. Na uku, saƙon da ya zo da suna a maimakon lamba ba a iya mayar masa da amsa, kuma mutanen ƙauye sun koyi goge duk abin da ya yi kama da na 'yan damfara. Maganin na biyu da na uku shi ne layi na yau da kullum, a ajiye lambar a wayar mutum da sunan da ya sani, a tura gwaji yana zaune a ga ya shiga.

Aka sa ranar dainawa kwana 10 gaba. Ƙa'ida ita ce kada ta wuce mako biyu, don kada niyya ta huce, kuma kada ta faɗo ranar kasuwa ko ranar biki. Malam ya zaɓi Juma'a. A kwanakin shiri saƙo biyu ake tura masa a rana, kowanne da aiki guda: yau a lissafa kowane kara da wurin da aka sha shi, gobe a gaya wa uwargida ranar, jibi a biya mai tebur bashinsa a ce masa kada ya ƙara bayarwa. Wannan na ƙarshen ya fi ba shi wuya, domin abokin wasansa ne. Daga lissafin da ya yi da tsinke a aljihu aka gano lokutansa biyar: tashi daga barci, bayan koko, lokacin da ya kunna injin ban ruwa ya zauna jira, bayan tuwon dare, da majalisar mai shayi. Saƙonni biyar na kowace rana a kan waɗannan aka ɗora su, kowanne minti biyar zuwa goma kafin lokacin. Saƙon da ya iso bayan an kunna sigari ba shi da amfani. A gwajin Ingila ma biyar a rana aka yi na mako biyar, sannan uku a mako na mako 26, kuma wannan tsarin aka bi da ɗan gyara.

Ga irin abin da ke shiga wayarsa kafin kiran assalatu: "Baba, a fara da asuwaki da alwala. Minti 5 kawai." Na fadama: "A sha ruwa a hankali, a zaga kwami goma." Na dare: "Yau kwana 2. Fushi da rashin barci alamar jiki yana sabawa ne, ba ciwo ba ne. Gobe za ta fi yau tsanani, daga nan sai sauƙi." Babu hoton huhu, babu maganar mutuwa. Kowane saƙo yana faɗin abin da hannu ko ƙafa za su yi yanzu.

Aka kuma ba shi hanyar amsawa da ba ta bukatar rubutu. Idan sha'awa ta taso ya tura 1. Idan ya zame ya sha, ya tura 2. Idan babu kati, filashin sau biyu. A ganinmu wannan ne rabin aikin. Saƙon da ke zuwa ta hanya ɗaya, bayan mako guda mutum yakan daina buɗe shi, amma wanda ya san akwai mai amsa masa cikin minti biyu ko uku yana da abin yi da yatsunsa kafin ya kai ga ashana.

Ranar farko ta wuce da ƙarfin niyya, kamar yadda takan wuce wa yawancin mutane. An tura masa cewa cikin awa 12 iskar guba ta hayaƙi da ke jininsa za ta sauka daidai da ta wanda ba ya sha, ya ji daɗin wannan. Rana ta uku ce ta nuna hali. Ya yi wa yaron da ke taya shi aiki tsawa a kan tiyo, ya ƙi cin abincin rana, ya tura 1 sau shida kafin la'asar. Haka abin yake: wahalar rabuwa da nikotin takan kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, ta ja mako guda da ƙarfi, ta riƙa sauka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma mafi yawan masu komawa a makon farko suke komawa. Maiɗakinsa ta kira da yamma.

"Likita, Malam fa ya zama wani iri, ko a bar shi ya sha ɗaya ya samu barci?"

Aka ce mata a'a, aka kuma tambaye ta abin da yake ci da sha tun ranar Juma'a. Nan aka gano matsalar. Don ya cike gurbin sigari, ya koma cin goro huɗu zuwa biyar a rana, ga shayi mai kauri da Nescafé da dare. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi. Da mutum ya daina, cikin 'yan kwanaki wannan saurin yana raguwa, sai goro guda ya yi masa aikin da ya fi na da. Saurin bugawar zuciya, rawar hannu da rashin barcin da yake ɗora wa rashin sigari, wani ɓangare nasu na goro ne. Aka rage masa zuwa rabin abin da ya saba ci a da, babu shayi bayan la'asar, aka maye gurbin da gyaɗa, aya da rake. Dare biyu bayan nan ya yi barci. Wannan sauyin na hanta yana shafar wasu magunguna ma, irin su theophylline na asma da wasu magungunan taɓin hankali kamar clozapine da olanzapine, don haka duk mai shan magani na kullum a sanar da likitansa kafin ranar dainawa.

Mutum mai kunna sigari kafin alwala, saƙo kaɗai yakan yi masa kaɗan. Ɗan'uwansa da ke birni ya aiko masa da cingam ɗin nikotin, wanda ba a samu a kemis ɗin ƙauye. Yana zuwa ne 2mg da 4mg, kuma mai sha cikin minti 30 da farkawa 4mg ya dace da shi. Malam ya tauna na farko yadda ake tauna cingam ɗin yara, sai shaƙuwa da ƙwannafi da tashin zuciya, ya ce ba zai ƙara ba. Ba haka ake yi ba. Ana taunawa a hankali har a ji ɗan yaji a baki, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, haka har kusan minti 30. Ta fatar baki maganin ke shiga, wanda aka haɗiye ciki kawai yake damu. Ba a ci ba a sha minti 15 kafin a sa shi, musamman shayi, lemo ko kunun tsamiya, domin tsami yana hana shi shiga. Cikakken tsari mako 12 ne, ana farawa da guda ɗaya duk awa ɗaya zuwa biyu a mako shida na farko, a riƙa ragewa. Abin da aka aiko masa bai kai haka ba, don haka aka ware shi ga asuba da bayan tuwon dare, lokutan da suka fi ƙarfinsa. Mai juna biyu ko wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, sai da izinin likita.

A mako na uku ya zame. Ranar kasuwa ce, ya kai albasa, farashi ya faɗi, wayar kuma tana shagon caji tun safe. Wani dillali ya miƙa masa, ya karɓa, ya ƙara da na biyu. Kwana biyu bai tura komai ba, bai ɗaga kira ba. Shirun mai amsawa kullum shi ne alama, ba sai ya tura 2 ba. Saƙon da aka tura masa bai tambaye shi ko ya sha ba: "Baba, ko an sha ko ba a sha ba, kwana 18 da aka yi suna nan. A ci gaba daga yau." Da daddare 2 ta shigo. Washegari aka kira shi, aka bi ranar daki-daki: ina, da wa, me ya faru kafin nan. Daga ranar aka mayar da caji daren jajibirin kasuwa, aka ƙara saƙo biyu na musamman a ranar, ɗaya kafin ya shiga layin dillalai, ɗaya bayan an gama ciniki.

Bayan zamiyar ya kawo shawarar da kusan kowa yake kawowa, a bar masa kara ɗaya bayan tuwon dare. Ba a yarda ba, saboda dalili biyu. Kara ɗaya yana tayar da abin da aka yi mako uku ana kwantarwa, kuma cikin ɗan lokaci yake komawa goma. Sannan wani babban nazari da aka buga a mujallar BMJ a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Ga mai hawan jini wannan ba ragi ba ne. Aka kuma ja masa kunne game da garin taba da wasu abokansa ke shaƙa ko dasawa a leɓe da sunan sun daina sigari. Nikotin ɗin dai shi ne, ga haɗarin cutar baki.

Tarinsa ya ƙaru a makonnin farko, har ya tsorata. An riga an tura masa saƙo a kan haka: 'yan gashin da ke share hanyar numfashi suna farfaɗowa, suna turo dattin da ya taru. Amma an gindaya masa iyaka, in ya ga jini a majina, ko zazzaɓi da zufan dare, ko rama, ko ciwon ƙirji, ya zo a ranar, kada ya jira saƙo. Ya yi fama da taurin bayan gida na ɗan lokaci, aka ce ya ƙara ruwa da ganye. Majalisar mai shayi kuwa wata guda ya ƙaurace mata, da ya koma ya sauya wurin zama zuwa gefen da masu sha ba sa zama.

Daga mako na shida saƙo ya koma uku a mako, aka bar masa lambar 1 a buɗe. Aka riƙa ƙara na musamman a lokutan da aka san suna da haɗari: kwana ukun farko na azumi dab da shan ruwa, ranar Sallah, lokacin cire albasa da kuɗi ke shigowa, da makon da aka yi masa rasuwa a dangi. A wata na shida aka yi masa tambayoyin da ake yi wa kowa: an sha ko zuƙa ɗaya cikin kwana bakwai da suka wuce? Tun ranar kasuwar nan fa? Ya ce a'a. A manyan asibitoci ana tabbatarwa da na'urar da ake hura wa numfashi ko gwajin yawu. A ƙauye shaidun da suka fi na'ura su ne uwargida mai wanke riguna da mai tebur da ya rasa ciniki, kuma duka biyun sun gaskata shi.

Ya ƙara ƙiba kaɗan, abin da aka saba gani, domin masu dainawa kan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko. Hawan jininsa bai tafi ba, yana shan magani yana zuwa awo duk wata. Buhu kuwa yanzu yana kai shi bakin hanya ba tsayawa. Mutum uku daga majalisarsu sun ba da lambobinsu bayan sun ga nasa. Ɗaya ya koma sha a mako na biyu, ya ce zai sake gwadawa bayan girbi. Ɗaya an rufe masa layi saboda bai haɗa shi da lambar NIN ba, sai da ya sayi sabon sim aka sa masa sabuwar rana. Na ukun ba ya karatu ko kaɗan kuma ba ya son 'ya'yansa su sani, don haka nasa kira ake yi na minti ɗaya a lokutan nan biyar, ranakun da ma'aikaciya ba ta samu dama ba Malam ne yake kiransa.